Wane faifan rock ne ya fi sa mutane ɗaukar jita?

Sani_Mai_Koyo

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Shekara uku ke nan ina koyon jita, kuma akwai wata magana da muka yi ta ja da malamina har muka tashi ba mu daidaita ba, shi ya sa na kawo ta nan, don na san akwai waɗanda suka daɗe a harkar. Ni dai a ganina babu faifan rock da ya canza kiɗan jita kamar Are You Experienced na Jimi Hendrix, wanda ya fito a 1967. Mutumin nan ya sauka Landan a watan Satumba na 1966 babu wanda ya san da zamansa, manajansa Chas Chandler ya haɗa shi da Noel Redding a jitar bes da Mitch Mitchell a ganguna, kuma kafin shekara ta zagayo manyan makaɗan Ingila irin su Eric Clapton da Jeff Beck da Pete Townshend duk sun je sun zuba masa ido. Faifai uku kacal ya yi a sutudiyo kafin ya rasu a 1970 yana ɗan shekara 27, amma har gobe duk wanda ya rataya jitar lantarki a kan sawunsa yake tafiya, ko ya sani ko bai sani ba. Malamin nawa ya ce wannan ra'ayin masu karanta mujalla ne, wai faifan da ya yi tasiri shi ne wanda ya sa yaro ya tashi ya nemo jita, shi kuwa Hendrix riƙe baki kawai yake sa mutum. Ina neman ra'ayinku, kuma don Allah wanda zai ambaci faifai ya faɗa mana abin da ya ji a hannun makaɗin, kada a tsaya ga jera sunaye.

Baba_Garmaho

Wa alaikumus salam. Sani, ɗana, malaminka bai faɗi abin banza ba. A tsakiyar shekarun 1970 ina ɗalibi a Zariya, kuma a ɗakin kwananmu mutum ɗaya ne yake da garmaho, shi ma sai an yi masa lallami kafin ya bari a taɓa. Muna da faifan Hendrix, mun kuwa saurare shi, amma ban taɓa ganin wanda ya gama saurare ya ce bari ya gwada ba. Wanda ya gurje don yawan juyawa shi ne Abraxas na Santana, na 1970. Akwai wani kiɗa a cikinsa mai suna Samba Pa Ti wanda babu waƙa a ciki ko kaɗan, jitar ce take rerawa a hankali kamar mutum yana magana da wanda yake ƙauna, kuma kowane sauti yana fitowa a fili har kana iya bin sa da baki. Abin da za ka iya rerawa da baki, wata rana yatsunka za su lalubo shi. Mun riƙa ɗaga allurar garmaho muna mayar da ita baya, layi ɗaya sai mu ji shi sau ashirin, har wurin ya yi fari a jikin faifan, mai garmahon kuwa ya yi rantsuwa ba zai sake ba mu aro ba.

Sannan akwai gangunan. A faifansu na farko, na 1969, akwai Jingo, wanda asalinsa kiɗan Babatunde Olatunji ne, ɗan Najeriya da ya zauna a Amurka. Kunnenmu bai ji baƙunta ba a wurin Santana, shi ya sa ya shige mu da wuri.

Bahagon_Tudun_Wada

Baba, Allah ya ƙara girma, amma ni Hendrix ne ya sa na ɗauki jita, kuma dalilin ba shi da alaƙa da sauti da farko. Ni bahago ne, an sha buge mini hannu tun ina ƙarami, sai wata rana na ga hoton bidiyonsa yana kaɗawa da hagu a gaban dubban mutane. Abin da yake yi shi ne ya ɗauki Fender Stratocaster ta masu dama ya kife ta, sannan ya sake jera tsirkiyoyin yadda mai kaurin za ta dawo sama. Wannan kifewar ta taɓa sautin kansa, domin maganaɗisun da ke ɗaukar sauti kusa da gindin jitar a karkace aka dasa shi, don ƙananan tsirkiyoyi su yi kaifi, manya su yi taushi. Da ya kife ta sai lamarin ya juye, manyan suka ƙara kaifi, ƙananan suka rage tsini. Ga kuma babban yatsansa da yake zagayowa ta saman wuyan jitar ya danne tsirkiya mai kauri, sauran yatsun huɗu su sami sararin yin ado. Wanda yake son ya ji wannan a natse ya saurari Little Wing a faifansa na biyu, Axis: Bold as Love, inda mutum ɗaya yake riƙe da gindin kiɗan yana kuma yi masa kwalliya a lokaci guda. Ni a wurina wannan faifan ya fi na farkon koyarwa, don haka ko a cikin Hendrix ɗin ma ban tsaya inda Malam Sani ya tsaya ba.

Injiniya_Lawal

Sana'ata gyaran rediyo da amfilifaya, saboda haka bari in yi gyara a inda na sani. Mutane da yawa suna ɗauka Hendrix ne ya ƙirƙiro wannan sauti mai gurnani, alhali ya tarar da shi. Idan ka ƙure amfilifaya mai kwalabe fiye da ƙarfinta, sautin yana yankewa ta sama da ta ƙasa, sai ya fito da kaushi kuma ya daɗe bai mutu ba. A wurinmu masu gyara wannan lahani ne, kuma idan aka kawo mini rediyo tana yin haka kuɗi nake karɓa in raba ta da shi. A 1964 Dave Davies na ƙungiyar The Kinks ya sa reza ya tsaga takardar lasifikarsa da gangan don ya sami wannan kaushin a You Really Got Me. A shekarar kuma The Beatles suka buɗe I Feel Fine da kukan da lasifika take yi idan jita ta matso kusa da ita, irin wanda muke ji a wurin taro kowa ya toshe kunne. A 1966 Clapton ya haɗa jitar Gibson Les Paul da amfilifayar Marshall ya ƙure ta a faifan da ya yi da John Mayall, wato Blues Breakers, kuma injiniyoyin sutudiyo na lokacin ba su saba ɗaukar ƙara irin wannan ba. Abin da Hendrix ya yi shi ne ya hore wannan kukan ya mayar da shi abin da ake sarrafawa: ya matsa kusa da lasifika ya kira shi, ya juya jikinsa ya sallame shi. Wannan ba ƙaramin aiki ba ne, amma idan ana lissafin wanda ya fara, to faifan 1966 ɗin yana gaba da na 1967.

Ɗan_Agadas

Gaisuwa gare ku daga Agadas. Na karanta abin da Baba_Garmaho ya rubuta na yi murmushi, domin abin da Santana ya yi musu a Zariya shi Dire Straits ya yi a nan arewacin Nijar. A garinmu jita ba baƙuwa ba ce, kusan babu bikin aure na Abzinawa da za a yi ba a kafa janareta an jona amfilifaya ba. Ana shimfiɗa tabarmi a fili, mata su zauna gefe guda suna tafi da guɗa, makaɗa uku ko huɗu su tsaya da rawunansu, ƙura tana tashi, lasifikar tana kuka saboda an ƙure ta, ba don ado ba sai don na bayan fili su ji. Idan ka tambayi makaɗan nan wane Bature suka saurara, sunan Mark Knopfler na Dire Straits yana cikin na farko da za ka ji. Dalilin a bayyane yake ga mai kunne: Knopfler ba ya amfani da 'yar robar nan ta kaɗawa, da tsokar yatsunsa yake fizgar tsirkiya, kuma sautinsa a wanke yake babu gurnani, kamar yadda ake ji a Sultans of Swing a faifansu na farko na 1978. Haka ake kaɗa molon Abzinawa tun kafin jita ta zo, babban yatsa yana riƙe da tsirkiya ɗaya tana ta amo, manuniya tana zagayawa.

Bombino, makaɗin jita ɗan Agadas, wanda iyalinsa suka yi gudun hijira zuwa Aljeriya lokacin tawayen 1990, ya sha faɗa cewa shi da abokansa sun riƙa kallon bidiyon Hendrix da na Knopfler suna kwaikwayo. A 2013 ya je Nashville ya yi faifan Nomad tare da Dan Auerbach na The Black Keys, daga baya kuma faifansa Deran na 2018 ya shiga takarar Grammy. To ka ga Malam Sani yana da rabin gaskiya, amma a kunnena rabin Knopfler ya fi yawa a hannun mutanenmu.

Bahagon_Tudun_Wada

Ɗan_Agadas, ƙarin bayani kaɗan: shi ma Knopfler bahago ne, sai dai da dama ya koyi kaɗawa, wato hannunsa mai ƙarfi shi ne a kan wuyan jitar. Ina faɗa ne don a san yawanmu.

Kabiru_92

Da izinin manya, ni ina ganin duk an tafi wajen gwanaye an manta da tambayar malamin Sani. Idan maganar wanda ya sa yara suka nemi jita ake yi, to a duba Nevermind na Nirvana, wanda ya fito a watan Satumba na 1991, kuma a Janairun 1992 ya ture Dangerous na Michael Jackson daga saman jadawalin ciniki a Amurka. Kiɗan da ya buɗe faifan kod huɗu ne, wato sautukan da ake kaɗawa tare, kuma duk huɗun da siffar yatsu iri ɗaya ake kama su, sai dai ka zame hannunka sama ko ƙasa. Ni a mako na biyu da fara koyo na kaɗa shi har ƙanena ya gane abin da nake kaɗawa, kuma wannan daɗin shi ya hana ni jefar da jitar lokacin da kan yatsuna ya kumbura. Shekara goma sha biyar kafin su, Ramones sun yi haka a faifansu na 1976, waƙoƙi 14 cikin abin da bai kai rabin awa ba. Gwanintar Hendrix tana karya gwiwar mai koyo, shi kuwa Kurt Cobain na Nirvana sai ka ji kamar yayanka ne yake kiɗa a zaure.

Malama_Hadiza

Ina bin wannan muhawara tun safe, kuma ina da ƙorafi a kan yadda aka gina tambayar tun daga tushe. Da zarar an ce faifai mai waƙoƙi da yawa shi ne ma'auni, to an fitar da duk waɗanda suka yi aikinsu kafin tsakiyar shekarun 1960, domin a zamaninsu waƙa ɗaya ko biyu aka fi bugawa a ƙaramin faifai. Da wannan ma'aunin Chuck Berry ba zai shiga ba, alhali buɗewar Johnny B. Goode ta 1958 tana cikin abin da kusan kowane makaɗin Ingila da kuka ambata ya fara haddacewa. Haka kuma Sister Rosetta Tharpe ba za ta shiga ba, matar da take kaɗa jita a waƙoƙin coci tun shekarun 1930, ta koma ta lantarki tun kafin a raɗa wa rock suna. Akwai hoton bidiyonta na 1964 a wata tsohuwar tashar jirgin ƙasa a Manchester, an yi ruwa ƙasa ta jiƙe, tana sanye da doguwar kwat da takalmi mai tsini, tana kaɗawa samarin Ingila suna zaune a ɗaya gefen layin dogo suna kallo. Sai a 2018 aka shigar da ita zauren karrama mawaƙan rock, shekara 45 bayan rasuwarta.

Ɗan_Agadas kuma, tunda ka yi maganar mata suna tafi da guɗa, ai ka san Fatou Seidi Ghali ta Les Filles de Illighadad, wadda ta koya da jitar yayanta a ɓoye. Mata ba tafi kaɗai suke yi ba a can.

Ɗan_Agadas

Gaskiyarki Malama, na karɓi gyara. Ƙauyen nasu yana yankin Abalak ne a jihar Tawa, kuma abin da ya burge ni a faifansu Eghass Malan na 2017 shi ne yadda suka ɗauko kiɗan tende, wanda mata suke yi da turmi da aka rufe da fata, suka ɗora shi a kan jita.

Abu_Yasir

Malama Hadiza ta taɓo inda yake yi mini ƙaiƙayi. Ni ban ga dalilin da za mu zauna muna yabon faifan Turawan Ingila ba, alhali kayan baƙaƙen fatar Amurka suka kwasa. Led Zeppelin II na 1969 ana kiransa ginshiƙi, amma kalmomin Whole Lotta Love daga You Need Love aka ɗebo su, waƙar da Willie Dixon ya rubuta Muddy Waters ya rera a 1962, kuma sai da Dixon ya kai ƙara a 1985 kafin aka sasanta aka sa sunansa. Crossroads da Clapton ya yi suna da ita a ƙungiyar Cream ta Robert Johnson ce, wanda ya ɗauki waƙoƙi 29 kacal a 1936 da 1937 ya mutu ba shi da komai. Idan faifai ake nema, to ga King of the Delta Blues Singers, tarin waƙoƙinsa da aka fitar a 1961, wanda su Clapton suka kwana a kansa. Kuma idan aka bi salsala, shi kansa blues ɗin daga nan ya tafi. Duk wanda ya saurari gurmi ko garaya ko molo ya san inda abin ya samo asali.

Mai_Nazari

Abu_Yasir, rabin farko na maganarka babu ja a ciki, shari'ar Dixon a rubuce take. Amma ina roƙon mu yi hattara da rabin na biyu. Abin da masana suka fi tabbatarwa shi ne dangantakar banjo da kayan kiɗa masu tsirkiya na Afirka ta Yamma, irin akonting na Senegambiya da ngoni na Mali, waɗanda molo da gurmi suke dangi da su. Shi kuwa blues a kudancin Amurka ya tsiro, bayan ɗaruruwan shekaru na bauta da aikin gonakin auduga da waƙoƙin coci, kuma idan muka ce namu ne kawai aka kai can, mun yi wa waɗanda suka ƙirƙire shi irin abin da kake zargin Turawa da yi. Akwai kamanni, musamman sautuka biyar da ake zagayawa a kansu da kuma tsirkiya ɗaya da take ta amo a ƙasa, shi ya sa Ali Farka Touré ɗan Mali da Ry Cooder ɗan Amurka suka zauna suka fahimci juna a Talking Timbuktu na 1994.

Sannan kwasar kalmomi daban, hannun Jimmy Page, makaɗin jitar Led Zeppelin, daban. Ɗan gajeren kiɗan da yake maimaitawa a farkon waccan waƙar nasa ne, kuma shi ne abin da masu koyo suke bi, ba kalmomin ba.

Abu_Yasir

Na ji, amma ban sauka daga kan bakana ba. Wanda ya ci da gumin wani ya biya kafin a kai shi kotu.

Zakari_Sakkwato

Tunda an zo Nijar, bari in ƙara wani abu da zai ba Malam Sani mamaki. Mdou Moctar, makaɗin jita ɗan Nijar, wanda jaridun Turai suke yawan kwatanta shi da Hendrix saboda shi ma bahago ne mai Stratocaster, bai taso da faifan Hendrix ba. Wanda ya gani ya yi sha'awa shi ne Abdallah Oumbadougou, kuma jitarsa ta farko da hannunsa ya haɗa ta da katako da wayar birkin keke. Faifansa na farko, Anar, a nan Sakkwato ya ɗauke shi a 2008, da irin na'urar gyaran murya da ake amfani da ita a waƙoƙin finafinan Hausa, kuma waƙoƙin ba ta kanti suka yaɗu ba, daga waya zuwa waya suka bi ta Bluetooth da katin memori har suka kai hannun Christopher Kirkley na Sahel Sounds, wanda ya sa ɗaya a tarin Music from Saharan Cellphones. Sai daga baya aka nuna masa bidiyon Eddie Van Halen, mai Eruption na 1978, inda ake buga wuyan jita da yatsun hannu biyu, ya ɗauki dabarar ya juya ta yadda ta dace da kiɗansu. Wanda ya saurari Afrique Victime na 2021 zai ji rock sosai, amma hanyar da ta kawo shi can ba ta bi ta Landan ɗin 1967 ba. Ina nufin tasiri ba layi ɗaya yake bi ba, kuma sau da yawa mai sauraro ne yake liƙa wa makaɗi uban da bai taɓa gani ba.

Sani_Mai_Koyo

Na gode ƙwarai, na ƙaru fiye da yadda na zata. Na yarda da Injiniya cewa Hendrix bai ƙirƙiro gurnanin ba, na kuma yarda da Malama Hadiza cewa ma'aunina ya zalunci na farko. Amma har yanzu ina ganin akwai bambanci tsakanin wanda ya sa ka fara da wanda ya nuna maka iyakar inda abin zai iya kaiwa. Kabiru ya fara da Nirvana, to bayan shekara biyu da ya ƙware a kod huɗun nan, wa ya koma saurare? Abin da Hendrix ya yi da taken Amurka a bikin kiɗa na Woodstock a 1969, lokacin yaƙin Vietnam, inda ya sa jita ta yi ƙarar jirage da faɗuwar bama-bamai ba tare da ya furta kalma ɗaya ba, ban san wanda ya yi irinsa kafin shi ba.

Kabiru_92

Tambayarka ta kama ni, Malam Sani, amma ba Hendrix na koma ba, Black Sabbath na koma. Kuma labarin Tony Iommi, makaɗin jitarsu, ya dace da wannan zaure, har Bahago zai ji daɗi don shi ma nasu ne. Yana ɗan shekara 17 yana aiki a wata masana'antar ƙarfe a Birmingham, a ranarsa ta ƙarshe a wurin, inji ya datse masa kan yatsu biyu na hannun dama, wato hannun da yake danna tsirkiya da shi. Shugabansa a wurin aikin ne ya kawo masa faifan Django Reinhardt, makaɗin jitar da gobara ta lalata masa yatsu biyu amma ya ci gaba da kiɗa. Iommi ya narka robar kwalbar sabulun wanke-wanke ya yi wa yatsun hula, ya liƙa musu fata don kada su zame, ya nemi tsirkiyoyi marasa kauri har da na banjo. Faifansu na farko da Paranoid duk a 1970 suka fito, sannan a Master of Reality na 1971 ya sassauta tsirkiyoyin sosai don su rage masa zafi, sai sautin ya yi ƙasa ya yi nauyi kamar hadari yana haɗuwa. Duk wani kiɗan metal da aka yi bayan nan yana ɗauke da wannan nauyin, kuma asalinsa ciwon yatsa ne.

Baba_Garmaho

Kafin in manta, akwai abin da ya kamata matasan nan su sani, domin na ga kamar ana ɗauka rock a Najeriya saurare kawai muka yi. Bayan an gama yaƙin basasa a 1970 ƙungiyoyi sun ɓarke, musamman a gabas, irin su The Funkees da Wings a Aba. A Legas akwai BLO, mutum uku, Berkely Jones da Laolu Akins da Mike Odumosu, waɗanda suka yi aiki da Ginger Baker, mai gangunan Cream, kafin su fitar da Chapter One a 1973. Akwai Ofege, 'yan makarantar sakandare ta St Gregory's, da faifansu Try and Love, wanda babu ɗakin ɗalibai da ba a jin sa a lokacinmu. A 1973 ɗin kuma Paul McCartney ya zo Legas ya ɗauki mafi yawan Band on the Run a sutudiyon EMI. To a nan zan ba Sani gaskiyarsa, domin duk wanda ya saurari jitar Berkely Jones zai ji Hendrix a ciki ƙarara, da gurnanin da kuma fedar nan da ake takawa jita ta riƙa cewa wawa-wawa. Wataƙila mu 'yan kallo Santana ya kama mu, su kuwa waɗanda suka riga suka iya, Hendrix ne ya hana su barci.

Hajiya_Mai_Rediyo

Ni ban iya jita ba, saurare kawai nake yi, amma ina mamakin yadda aka yi doguwar magana haka babu wanda ya ambaci David Gilmour na Pink Floyd. The Dark Side of the Moon na 1973 ya yi sama da mako 700 a jadawalin cinikin Amurka, amma ni wanda ya fi zauna mini shi ne Wish You Were Here na 1975, inda sautuka huɗu kawai yake saki a farkon Shine On You Crazy Diamond, ya bar su su yi ta yawo kafin ya sake taɓa tsirkiya. Yana tura tsirkiya da yatsa har sautin ya hau a hankali ya isa inda yake so, ya tsaya a can yana rawa. Mahaifina, Allah ya jiƙansa, mai son Ɗan Maraya Jos ne, kuma yakan ce kuntigi tsirkiya ɗaya gare shi da gwangwani, amma bai taɓa jin ya rasa abin faɗa ba. Ranar da na fara jin Gilmour maganar nan ce ta faɗo mini. Ina ganin masu koyo suna yawan bin mai sauri saboda saurin ana iya auna shi, shi kuwa sanin inda za a yi shiru babu mai iya nuna maka shi a bidiyo.

Injiniya_Lawal

Hajiya, wannan yawon da kika ji sautin yana yi na'urar amsa-kuwwa ce take maimaita shi, amma na yarda cewa na'ura ba ta zaɓar wa mutum sautin da zai saki. Na taɓa haɗa wa wani yaro irin wannan na'urar, ya dawo bayan kwana uku yana cewa ta lalace, ashe kurakuransa take maimaita masa sau huɗu-huɗu.

Bahagon_Tudun_Wada

Baba, maganarka ta ƙarshe ita ce ta fi kusa da abin da nake ji, amma ina da ja a wuri ɗaya. Ka raba mutane gida biyu, 'yan kallo da waɗanda suka iya, alhali ni ban iya komai ba lokacin da Hendrix ya kama ni, kuma na yi wata shida ina fama da daƙiƙa talatin na farkon Little Wing kafin su fara kama da kiɗa. Malam Sani, ka koma wurin malaminka ka tambaye shi wane faifai ne ya sa shi kansa ya nemi jita, domin na lura ya rushe naka bai faɗi nasa ba.

Sani_Mai_Koyo

Na tambaye shi jiya da daddare bayan darasi. Ya yi dariya ya ce shi ba faifan rock ba ne ma, Joromi ce ta Victor Uwaifo da ya riƙa ji a rediyon maƙwabcinsu yana yaro, kuma sai da ya shekara biyar yana kiɗa kafin ya ji sunan Hendrix. Na ce masa to ai ya fita daga tambayar, ya ce tambayar ce ta yi ƙunci. Yanzu dai ya ba ni aikin Samba Pa Ti zuwa Asabar, ya kuma hana ni taɓa fedar gurnani har sai na iya fitar da layin farko a wanke. Baba, a wane wuri ne kuka fi mayar da allurar baya? Ni inda ya fara hawa sama bayan zagaye na biyu nake ɓacewa.